Waye Ya San Sunan Yaron Da Ke Benci Na Ƙarshe?

Yau maganar 'yan shekara 13 zuwa 17 na cikin ikilisiyoyinmu zan yi, kuma da kaina zan fara, don kada a ce na zo nuna wa wani yatsa.

Ina ɗan shekara 15 a Jos na daina shiga sujada. Ba wai na bar bangaskiya ba ne fa. Na yi wa Makarantar Lahadi girma, su kuma Zumuntar Matasa duk 'yan kusan talatin ne, hirarsu aure da neman aiki. Ni da nake fama da lissafi da kunyar 'yan mata, me zan ce a wurin? Sai in bi Mama har ƙofar coci, in zagaya ta baya in tafi gidan kallon ƙwallo. Wata huɗu ina haka, babu wanda ya lura.

Mutum ɗaya ne ya lura, wani kafinta a cikin dattawan ikilisiya. Wata Asabar ya aika a kira ni shagonsa, na tafi ina jiran faɗa. Sai ya miƙo mini sanfefa ya ce, "Ɗana, goge mini ƙafar kujerar nan." Muka yi awa biyu, bai ce uffan a kan coci ba. Da zan tafi ya ce in dawo Asabar mai zuwa. Sai a mako na biyar ya tambaye ni, "Me ya kore ka?" Ni ma ban san ina da amsa ba sai da na buɗe baki. Baba ɗin nan ko sakandare bai yi ba, amma shi ya raka ni sayen fom ɗin JAMB, yana ta tambayar mai shagon kwamfuta abin da bai gane ba.

Akwai abokina da muke zagayawa tare. Shi babu wanda ya aika a kira shi. Ya fara da maganin tari mai kodin, ya koma tiramol. Gwamnati ta hana kodin ɗin a 2018 bayan rahoton binciken BBC, amma shi lokacin ya riga ya yi nisa. Yana nan da rai, ina zuwa wurinsa, sai dai ba ya iya riƙe aiki ko na wata biyu. Ban fi shi hankali ba, gaskiya. Binciken da aka yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, suna ta'ammali da ƙwayoyi. Kada mu yaudari kanmu cewa babu 'ya'yan ƙungiyar mawaƙa a ciki.

To, me muke yi? Taro. Mun iya taro, kai! Babban taron matasa, sansani na kwana uku, riga iri ɗaya, a gayyato mai wa'azi daga nesa. Ba na raina wannan, ni ma ina shirya su. Boys' Brigade da Girls' Brigade da FCS sun riƙe da yawa daga cikinmu. Amma yaro ba zai ɗaga hannu a gaban mutum ɗari uku ya ce ya zuba kuɗin makarantarsa a cacar ƙwallo ba. Yarinya ba za ta miƙe ta ce wani malami yana matsa mata ba. Irin wannan magana a wurin goge ƙafar kujera take fitowa.

Ku tuna Ayyukan Manzanni sura 15. Markus ya taɓa barin su a tsakiyar tafiya, Bulus ya ƙi sake ɗaukarsa, har suka rabu da Barnaba a kan haka. Barnaba ya ɗauki yaron suka tafi Kubrus. Daga baya, a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti, Bulus da kansa ya nemi a kawo masa Markus don yana da amfani a gare shi. Mu kuwa yaro ya yi kuskure ɗaya, sai horo a gaban ikilisiya, a mayar da shi bencin baya, shi ke nan.

Yanzu ga inda wasu iyayenmu ba sa son in taɓa. Ba kowane babba ne ya kamata a miƙa wa yaro ba, ko da yana da muƙami. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne. A ƙungiyarmu mun sa ƙa'ida: namiji da maza, mace da mata, babba ɗaya yara uku ko huɗu, a haɗu inda ido ke gani, iyaye su sani. Babu hira ta WhatsApp cikin dare, babu "zo ɗakina mu yi addu'a". Wani dattijo ya ji haushi ya ce, "Ɗana, ba ku yarda da mu ba ke nan?" Na ce, "Baba, shagon da aka rene ni ƙofarsa a buɗe take, kowa na wucewa yana ganinmu." Ya yi shiru, amma bai sa sunansa ba har yau.

Matsalarmu yanzu manya ne ba su isa ba. Yara suna zuwa, iyayenmu na Zumuntar Mata sun fito, maza ne ake nema. Kowa ya ce bai san Littafi Mai Tsarki sosai ba, ko ba shi da lokaci. Awa ɗaya a mako muke roƙo, na shekara ɗaya, kuma kada ka fara in ka san za ka ɓace bayan wata biyu, don yaron da aka yi wa alkawari aka watsar ya fi wuyar dawowa.

Ran Lahadin nan, bayan an sallami jama'a, ku duba waɗanda suka fara fita. Ku tambayi ɗaya sunansa da ajinsa. Wanda kuma wani babba ya taɓa riƙe shi haka, ya rubuto mana a ƙasa yadda aka yi, zan karanta wasu a shiri na gaba. Sai mun haɗu, Allah ya kiyaye mu.