Koriyar Fara a Lambun Gida: Mu Duba Kafin Mu Fesa Magani



Yau za mu yi magana a kan koriyar farar nan mai kama da ganye, wadda muke gani a lambun bayan gida. Da yawa cikinmu, da zarar mun gan ta a kan kuɓewa ko alayyafo, sai mu ruga kasuwa sayen maganin feshi. Wanda ya ji labarin farar dango da ta cinye gonaki a Nijar a shekarar 2004, dole ya ji tsoro. Amma wannan dabam take.

Ga yadda za mu gane ta. Gashin kanta biyu sirara ne, sau da yawa sun fi jikinta tsawo, na farar dango kuwa gajeru ne. Da rana takan ɓuya cikin ganye, da dare ta fito kiwo. Ƙarar da muke ji da dare, namijin ne ke goga fikafikansa yana kiran tamata.

Me take yi wa shuka? Takan huda ganye, ta ci fure, wani lokaci ta gatsi ɓawon ɗanyen lemo ta bar masa tabo. Shukar da ta yi ƙarfi takan warke, ta fid da sabon ganye. Ƙananan dashe ne suka fi shan wahala. Wasu irinta ma suna cin ƙananan ƙwarin da ke tsotse ruwan ganye.

Maganin feshi kuwa yakan kashe har da ƙudan zuma, masu taimaka wa furen kabewa ya zama 'ya'ya. Dafinsa yakan saura a ganyen da za mu yi wa yara miya. Ga kuma kuɗin da ya tafi.

Saboda haka, bari mu fita da tocila bayan faɗuwar rana, mu tsince su da hannu, da safe mu ba kaji. Mu nome ciyawar da ke gefen lambu. In ɓarnar ta yi yawa, mu daka 'ya'yan dogon yaro, mu jiƙa su kwana ɗaya, mu tace, mu yayyafa da yamma.

Idan kuwa mun ga fara dami-dami ta sauka, mu sanar da malamin gona nan da nan.

Allah ya albarkaci aikin hannuwanmu.