Mataki na Uku: Ranar da Zaftarewar Dusar Ƙanƙara Ta Fi Cin Rayuka

Hujjar wannan takarda ɗaya ce: a tsaunukan Alps, masu hawan dutse da masu zamiya a kan ƙanƙara sun fi mutuwa a ranar da haɗari yake tsaka-tsaki. Tun 1993 ƙasashen Turai ke sanar da haɗarin zaftarewar dusar ƙanƙara da ma'auni mai mataki biyar, kuma alƙaluman SLF, cibiyar binciken dusar ƙanƙara ta garin Davos, sun nuna cewa kusan rabin waɗanda zaftarewa ke kashewa a Suwizalan a mataki na uku suke mutuwa. Idan haɗari ya kai maƙura hukuma kan rufe hanyoyi, kowa ya zauna gida. Irin masifar da ta faɗa wa ƙauyen Galtür na Ostiriya a 1999, inda mutum 31 suka rasu a cikin gari, ba kullum take zuwa ba. A mataki na uku kuwa rana na haske, dutse ya yi fes, mutane su fita.

Abin da ke halaka su yana binne ne a ƙasa. Dusar ƙanƙara hawa-hawa take taruwa. A dare mai tsananin sanyi da babu gajimare, raɓa kan daskare a samanta ta zama siraran ƙwayoyi marasa haɗin kai. Sabuwar dusa ta sauka ta rufe su, iska ta danne ta, ta zama faffaɗan dunƙule. Kamar a ɗora katako ne a kan tsabar gero a bisa gangare. Wannan raunin na iya kwana makonni ido bai gan shi ba, sai nauyin mutum ɗaya ya karya shi, tsagewar ta bazu, gangaren duka ya taho. Mafi yawan irin wannan na faruwa ne a gangaren da ya kai digiri 30 zuwa 45, kuma a kusan tara cikin goma na haɗurran, mamacin ko abokin tafiyarsa ne ya tayar da zaftarewar.

Za a ce ai akwai na'urar gano wanda aka binne, da sandar bincike, da shebur. Gaskiya ne, wajibi ne a riƙe su. Amma wanda aka tono cikin minti 15 ne ke da kyakkyawan zaton rayuwa. Bayan rabin awa yawanci numfashi ya ƙare, wasu ma duwatsu da itatuwa sun riga sun kashe su. Za a kuma ce gwani yana iya haƙa rami ya duba hawa-hawan. Ramin na nuna inda aka haƙa ne kawai, taku kaɗan gaba lamarin na iya canzawa. Shi ya sa Werner Munter, jagoran tsauni ɗan Suwizalan, ya ɗora tsarinsa na rage haɗari a kan abin da ake iya aunawa: tsayuwar gangare, da fuskar da yake kallo, da tazarar da ke tsakanin matafiya. Ina ganin a kan wannan ya kamata horo ya fi ƙarfi, a koya wa mutane cewa ranar mataki na uku su tsaya a gangaren da bai kai digiri 30 ba, su kuma kauce wa gindin wanda ya fi haka.