Shinkafar Biki ta Mutanen Makawu: Jawabin Da Aka Gabatar a Taron Wata

 

Yau zancen tukunya muka kawo, to amma a yi haƙuri a saurara, domin ya shafi duk wanda fatauci ke kai shi ƙasar Sin. Kudu da Guwanzu, inda 'yan'uwanmu ke sarin kaya, akwai wani gari a bakin teku mai suna Makawu. Turawan Fotugal suka zauna a cikinsa tun 1557, sai ranar 20 ga Disamba 1999 ya koma hannun Sin. Fataken Fotugal ɗin nan sun auri mata daga Malaka da Gowa ta Indiya da kuma Sinawa, aka hayayyafa, aka sami wata al'umma mai harshenta, Patuwa, da kalar girkinta. A 2017 UNESCO ta sa garin cikin biranen da suka yi fice a harkar abinci.

Babban abincinsu na biki shi ne arroz gordo, wato "shinkafa mai ƙiba". Ba kullum ake yin ta ba, sai Kirsimeti ko aure ko dangi sun taru. Dafa-duka ce, amma ta masu hali.

Ga yadda ake yi. Tun daren jiya za a cuɗe kaza da kurkum da tafarnuwa da jan barkono da gishiri, ta kwana a ciki. Da safe a soya ta sama-sama, ƙasusuwa kuma a tafasa su a sami romo. Sai a soya albasa da tafarnuwa da tumatir har ruwan ya tsotse, mai ya taso. A nan ake zuba shinkafa ɗanya, a juya ta sha man, kana a zuba romo, kofi biyu ga kowane kofi ɗaya. A watsa zabibi, a rufe, a rage wuta. Kada uwargida ta ji tsoron ƙanzo, ɗan kamun gindin tukunyar nan yana ƙara mata armashi.

Kayan teku su ne ƙarshen shiga. Jatan lande minti 3 zuwa 4 ya ishe shi, da ya yi ja a sauke, in ya wuce haka ya zama roba. Daga nan a juye shinkafa a babban faranti, a jera kaza da agwagwa da jatan lande a kai, a yanka dafaffen ƙwai biyu-biyu, a sa zaitun da soyayyen burodi da soyayyar albasa da yankan lemon tsami.

To jama'a, ga inda muke so a buɗe kunne. Yadda su suke dafa ta, akwai naman alade, akwai kuma wani tsiran alade da ake ɗurawa a hanji, shuriso, wani gidan ma da giya ake jiƙa naman. Duk wanda ya je can aka ajiye masa faranti ya ga kaza a sama, kada ya ɗauka shi ke nan, romon ma da alade aka yi. A tambaya kafin a sa hannu. A gidajenmu kuwa naman rago ya tsaya a madadin alade, bandar naman sa ta ba da ƙamshin hayaƙi, lemon tsami ya maye giya. Mu da ke zaune kusa da teku, jatan lande ba ya yi mana wuya a kasuwa.

Abu na ƙarshe. Mutanen nan sun watsu zuwa Fotugal da Barazil da Kanada da Ostareliya, sun kafa ƙungiyoyi irin tamu, tun 1993 kuma suke komawa gida babban taro lokaci-lokaci. Girkinsu ya rayu, amma masu jin Patuwa saura ƙalilan, yawanci tsofaffi. Mu ma 'ya'yanmu suna cin tuwo da miyar kuka, amma a tambaye su sunan kayan miyar da Hausa a ji. Iyaye mata, in za a ɗora tukunya a kira yara kusa, a riƙa faɗa masu sunan kowane abu.

Allah ya sa albarka a neman da muke yi, ya tsare mana cikinmu daga haram. Wassalamu alaikum.