Me Ya Sa Budurwar Ingila Take Fita ta Taga?



A littafin The Corinthian na Georgette Heyer, wanda ya fito a 1940, wata marainiya mai dukiya, Penelope Creed, 'yar shekara 17, ta yi shigar maza, ta ƙuƙƙulla zannuwan gado, ta sulalo ta taga cikin dare. Dangin da ke riƙonta ne suka matsa sai ta auri ɗansu, don kada dukiya ta fita daga gida. Mai karatu zai zaci marubuciyar ta ƙirƙiro wannan kasada ne don ƙara wa labari armashi. Amma tushen abin yana cikin dokokin Ingila na zamanin da aka gina labarin a kai, wato shekarun 1811 zuwa 1820, lokacin da Yarima George ke riƙon sarauta saboda taɓin hankalin mahaifinsa.

A wancan zamani, da zarar an ɗaura wa mace aure, kuɗinta da kayanta sun koma hannun miji, sai fa in iyayenta sun yi dabarar rubuta yarjejeniya tun kafin biki. Sai a dokokin 1870 da 1882 aka gyara wannan. Wanda ya taso ya san shari'ar Musulunci ta bar wa mace gādonta da sadakinta zai jinjina lamarin. Ita 'yar babban gida ba ta sana'a, ba ta fita ba 'yar rakiya, rayuwarta kacokan ta rataya ne a kan wanda za ta aura.

Ga kuma dokar aure ta 1753, wadda ta ce wanda bai kai shekara 21 ba sai da yardar iyaye. Dokar ba ta shafi Scotland ba. Shi ya sa masoya ke cin tafiyar kwanaki a keken doki zuwa Gretna Green, ƙauyen da ke bakin iyaka, inda ko maƙeri kan ɗaura aure, uba ko wa na biye da su a sukwane. Da yawa daga cikin tseren da ke cikin irin waɗannan littattafai daga nan suka samo asali.

Jane Austen, da ta fitar da Pride and Prejudice a 1813, zamaninta take rubutawa, ba ta buƙatar bayanin komai. Heyer kuwa an haife ta a 1902, sai da ta tara littattafan bincike sama da 1,000, tana bin diddigin farashin kyandir da sunayen kekunan doki da karin maganar 'yan dambe. Littafinta Regency Buck na 1935 shi ya buɗe hanyar da ɗaruruwan marubuta suka biyo.

Sai dai duk wannan ƙwazo bai hana ta kau da kai ba. Barori suna nan kamar kujerun ɗaki, ba a cika tambayar inda arzikin manya ya fito ba, alhali bayi na noman rake a yankin Karebiyan. A The Grand Sophy na 1950 ma ta zana wani Bayahude mai ba da bashi da siffar ƙyama wadda ke ɓata wa masu karatun yau rai. Ita kanta Penelope, gudun nata bai yi nisa ba: Sir Richard Wyndham, attajirin da ya cafe ta a ƙarƙashin tagar, shi ne labarin ya ƙare da za ta aura.