Jini ya tsaya, amma da sauran magana

Makiyaya da fatake, musamman ku da kuka saba sauke kaya a Kasuwar Libiya ta Omdurman, ku ba ni kunne. Kai da aka kankare wa ciwon daji a mafitsara, fitsari ya washe, ka ce shi ke nan? Tsaya tukuna. Likitoci sun bi dubban majinyata shekara da shekaru suna lissafi: ko ciwon bai kai tsoka ba, kusan rabinsu yakan dawo musu cikin shekara 5. In ƙarin ya fi ɗaya, ko ya kai santimita 3, haɗarin ya fi. Shi ya sa ake sake leƙa mafitsara bayan wata 3. Yaƙin 2023 ya rufe asibitoci da dama a Khartoum, to riƙe takardun aikinka a jaka, duk inda ka yada zango ka nuna wa likita.