Jawabi a Kan Kujerar Kansila da Hanyar Nemanta

 Ya ku 'yan'uwa, ku sani babu kujerar da ta fi kusa da talaka kamar ta kansila, babu kuma wadda mutanen kirki suka fi gudu kamarta.

Mas'ala ta fari, aikinsa. Gyaran da aka yi a 1976 shi ya kawo ƙaramar hukuma a gurbin En'e. Yau akwai 774 a Nijeriya, 44 daga ciki a jihar Kano. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora mata kasuwa da tashar mota da kwata da maƙabarta da kwashe shara da rajistar haihuwa da mutuwa, ya kuma ba ta hannu cikin makarantun firamare da kiwon lafiya. Kansila wakilin mazaɓa ɗaya ne. Shi da 'yan'uwansa ke yin ƙananan dokoki, su duba kasafin kuɗi, su tambayi ciyaman inda dukiya ta shiga. A 2024 Kotun Ƙoli ta hukunta a riƙa ba ƙananan hukumomi rabonsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. To, in kansila ya yi shiru, wa zai tambaya?

Mas'ala ta biyu, hanyar tsayawa. Lalle mutum ya kasance ɗan ƙasa mai katin zaɓe. Sa'an nan ya shiga jam'iyya tun daga mazaɓarsa, domin doka ba ta karɓar ɗan takara sai jam'iyya ta tsai da shi. Ya ci zaɓen fid da gwani, a kai sunansa hukumar zaɓe ta jiha, gama ita ke wannan zaɓe, ban da Abuja. Shekaru da takardar makaranta da kuɗin fom, dokar kowace jiha ke faɗa. A je ofishin hukumar a ji tun da wuri. Ran zaɓe ya sa amintaccen wakili a kowace rumfa har a gama ƙirga.

Wani zai ce neman mulki abin ƙi ne. Haka ne ga mai kwaɗayi. Amma Annabi Yusufu ya nemi riƙon rumbunan Masar da ya san zai iya. Wanda ya san kansa da amana, ya fito. Wanda ba zai iya ba, ya goyi bayan mai iyawa, kada ya sayar da ƙuri'arsa.

Allah ya sa mu dace. Wassalamu.