Motsa Jiki Mai Tsanani da Lafiyar Zuciya



Tun cikin 1953 Dokta Jeremy Morris ya nuna cewa kwandastocin bas na birnin Landan, masu yini suna hawa da sauka bisa matakala, ba su kamuwa da ciwon zuciya kamar direbobin da ke zaune. Watau zuciya tsoka ce, aiki ne ke ƙarfafa ta. Ta ƙwararren ɗan tsere takan buga wajen sau 40 a minti sa'ad da yake hutawa, alhali ta sauran mutane takan buga 60 zuwa 100.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Ran 12 ga Agusta, 1989, Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na Legas, ana cikin karawa da Angola, ya rasu. Haka Marc-Vivien Foé na Kamaru ya rasu a Faransa cikin 2003, aka tarar bangon zuciyarsa ya yi kauri fiye da kima.

Irin wannan ciwo yakan ɓuya shekaru, sai wahala ta kai matuƙa ta tone shi: bugun zuciya ya rikice, jini ya daina isa ƙwaƙwalwa.

Saboda haka, tafiya da sauri ta minti 150 a mako ta wadatar da ma'aikacin ofis. Wanda kuwa zai shiga gasa, likita ya fara auna zuciyarsa. In ya ji ciwon ƙirji ko jiri yana cikin gudu, ya tsaya nan take, ya nemi asibiti.